Yadda ake duba tsohuwar a-kori-kura kafin a biya kuɗinta

Tsohuwar a-kori-kura tana da wani abu da ke fizgar ran mutum. Ka ga Ford F-100 ko Chevrolet C10 ta shekarun 1960 da 1970, ko Datsun 620, ko Peugeot 404 mai bodi, ko Hilux ta farko-farko, an wanke ta an goge tana ɗaukar ido, sai ka ji hannunka ya nufi aljihu tun ba ka leƙa ƙarƙashinta ba. Na duba irin waɗannan motoci da dama, wasu don kaina, wasu don abokai, kuma a kullum daga ƙasa nake farawa in yi sama. Dalili kuwa, ba don ado aka ƙera su ba. Motocin aiki ne, sun sha lodi fiye da ƙima shekara arba'in, hamsin, wasu sittin. Inji in ya gaji ana sauke shi a gyara, giya ma haka. Shasi kuwa, wato ƙashin ƙarfen da duk motar ke zaune a kansa, in ya ruɓe, kuɗin gyaransa kan wuce kuɗin motar baki ɗaya.

Kayan da za ka riƙe

Tocila mai haske sosai, domin hasken waya ba ya kai wa lungun shasi. Babbar sukudireba da ƙaramar guduma. Ƙaramin maganaɗisu mara ƙarfi, irin wanda ake mannawa a jikin firji, ka naɗe shi a siririn ƙyalle don kada ya karce fenti. Mai ƙarfi ba shi da amfani a nan, don yakan kama ƙarfe ko da akwai fila mai kauri a tsakani, wato ƙullun da ake cike lotsawar jikin mota da shi kafin fenti. Sai tef na awo, farin tsumma, kwali ko tsohon bargo na kwanciya a ƙasa, jak da ƙafafun ƙarfe na tokare mota, mitar auna wutar batir, gejin auna matsin silinda da sifanar fulogi, takarda da biro. Ka sa tufafin da ba ka jin tausayinsu.

In babu gejin matsi, a aro wurin makaniki, ko a tafi da makanikin gaba ɗaya, wanda ya fi. In babu jak da abin tokarewa, a roƙi mai motar a kai ta garejin da ke da rami. Abin da ba shi da madadi shi ne mutum na biyu. Akwai gwajin da sai wani yana cikin mota kai kana waje, kuma abokin tafiya yakan ga abin da son motar ya rufe maka ido a kai.

1. Tun kafin ka je

Ka kira mai motar ka roƙe shi abu ɗaya: kada ya tayar da ita ranar kafin ka iso. Inji mai zafi yana ɓoye wahalar tashi, yana ɓoye hayaƙin farko da ƙarar ƙarfen ciki. Ka tsayar da lokaci da rana tsaka, ranar da babu ruwan sama, don jiƙaƙƙen fenti kowanne kyakkyawa ne. Ka tambaye shi shekara nawa tana hannunsa, yaushe rabonta da doguwar tafiya, me aka canza a jikinta. Rubuta amsoshin, za ka gwada su da abin da idonka zai gani.

Ka kuma binciki samuwar kayan gyaran irin wannan motar. Na C10 da F-100 har yau ana ƙera sababbi, daga robar ƙofa zuwa falankin ƙarfen ɗakin direba. Wasu motocin kuwa, gilashin gaba kaɗai sai ka yi wata da watanni kana cigiya. Wannan sanin shi zai gaya maka wace matsala ce ƙarama, wace ce babba.

Kada ka tura kafin alƙalami a kan hotuna. Cinikin biri a sama ke nan.

2. Takardu da lamba

Kafin ka ɓata awa biyu a ƙarƙashin mota, karɓi takardunta. Lambar shasi da ke rubuce ta zo daidai da wadda ke kan ƙaramin allon ƙarfe a ginshiƙin ƙofa ko ƙarƙashin bonet, ta kuma zo daidai da wadda aka buga a jikin shasin kansa. Wannan ta ukun ita mutane ke mantawa, alhali ita ce mai muhimmanci, domin kan a-kori-kura, wato ɗakin direba, da 'yan ƙusoshi yake ɗaure, ana iya cire shi a ɗora a kan wani shasin daban. Ka kankare dattin wurin ka karanta. In ka ga alamar an goge ko an yi walda a kewayen lambar, ko ƙusoshin allon sababbi ne fil a jikin mota mai shekara hamsin, ka nemi bayani mai gamsarwa, in babu ka kama hanyarka.

Kada gajartar lamba ta tsorata ka. Tsarin lamba mai harufa da alƙaluma 17 a 1981 ya zama ƙa'ida a Amurka, motocin da suka girmi haka kowane kamfani da irin tasa. Sunan da ke kan takarda kuma ya zama na mai sayarwa, ko a nuna maka shaidar yadda motar ta zo hannunsa.

3. Ja da baya ka kalle ta

Ajiye ta a shimfiɗaɗɗen wuri, ka ja baya kamar taku goma, ka zagaya. Ta karkata gefe ɗaya? Sifirin ya gaji ko ya karye, ko kuwa shasi ya murɗe. Dubi ratar da ke tsakanin kai da bodin baya: faɗinta ya zama ɗaya daga sama har ƙasa, hagu da dama. In ta tsuke a sama ta buɗe a ƙasa, bayan motar ya lanƙwashe saboda lodi ko ruɓa. Layin da ya taso daga ƙofa ya miƙe zuwa bodi shi ma ya tafi ɗoɗar, kada ɗaya ya fi ɗaya tudu.

4. Shasi

Nan za ka fi daɗewa, kuma ya kamata ka daɗe. Tokare tayoyi, ja hambirki, shimfiɗa kwalinka ka shiga da tocila, guduma da sukudireba. Kada ka taɓa shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. Yawancin waɗannan motocin ma suna da tsayin da za ka shiga ba tare da an ɗaga su ba.

Ka fara daga gaba ka bi ƙarfen shasin ɗaya har ƙarshe, sannan ka dawo ta ɗayan, kana ƙwanƙwasawa duk bayan taƙi guda. Lafiyayyen ƙarfe yana amsawa da ƙara mai zaƙi, ƙwal-ƙwal. Ruɓaɓɓe kuwa sai ka ji dum, kamar ka bugi busasshen itace, ɓawon tsatsa na zubo maka a fuska. Jar tsatsa ta sama-sama ba komai ba ce, duk tsohuwar mota tana da ita. Wadda ake gudu ita ce mai tashi falle-falle kamar shafukan littafin da ruwa ya jiƙa. In ka same ta, dafa sukudireba ka danna da ƙarfinka.

Na taɓa duba wata da aka shafe ƙarƙashinta da baƙin fenti mai kauri kamar kwalta, sumul, har yana ƙyalli. Daidai inda kunnen sifirin na baya ke manne da shasi na danna sukudireba, sai ta shige har mariƙi ba tare da na sha wahala ba. Da na zare ta, garin tsatsa ya dinga tsiyaya ta ramin ya taru a kan kwalin kamar cikin tafin hannu. Wannan wurin shi ke ɗauke da nauyin duk kayan da za a loda wa motar. Tun daga ranar, sabon baƙin shafi a ƙarƙashin tsohuwar mota ƙara mini zargi yake yi.

Shasi iri biyu ne, kuma kowanne da yadda yake ruɓewa. Na manyan motocin Amurka galibi buɗaɗɗe ne ta ciki, kana iya ganin duk fuskokinsa, sai dai laka kan kwanta a leɓensa na ƙasa. Na irin su Hilux rufaffe ne kamar bututu mai kusurwa huɗu, ruwa da laka su shiga su kwana a ciki, ya ci daga ciki zuwa waje. Irin wannan sai ka zura yatsa ko tocila ta ramukan da ke jikinsa, guduma kuma ita ce idonka.

Wuraren da ba a tsallakewa: kunnuwan sifirin gaba da baya, inda akwatin sitiyari ke ɗaure (nan tsagewa ake nema, siririn layi mai jan gari a bakinsa), ƙarafunan da suka gitta tsakanin ɓangarorin biyu, mazaunin shokazoba, saman tankin mai, da ƙarshen baya inda ake ɗaura abin ja. Faci da walda ba lallai su kashe ciniki ba, in an yanke ruɓaɓɓen an sa ƙarfe mai kauri ɗaya, waldar ta kwanta lafiya. Amma falankin da aka ɗora a kan tsatsa aka ɗiɗɗiga masa walda, rufa-rufa ce kawai.

Daga ƙarshe ka yi awon gicciye. Zaɓi rami ko ƙusa a gaba ta hagu, ka auna zuwa takwararta a baya ta dama, sannan ka juya. In awon biyu ya bambanta da abin da ya wuce santimita ɗaya, motar ta taɓa cin karo mai tsanani.

5. Kai da bodi

Yanzu maganaɗisu. Bi da shi a kusurwoyin ƙasa na bayan ɗakin direba, dokin ƙofa, gindin ƙofofi, bakin kwarin taya, da kewayen gilashin gaba. Inda ya kama, ƙarfe ne. Inda ya sulale ya faɗo, fila ce a ƙarƙashin fentin. Fila siririya a kan ƙarfe mai lafiya aikin gyara ne na yau da kullum, amma in maganaɗisu ya ƙi kamawa a fili mai faɗin tafin hannu, rami aka cike.

Motar da na fara saya, mai ita ya ce mini sabon fenti ya yi mata don ya mutunta mai saye. Ban san gwajin maganaɗisu ba a lokacin. Wata shida, sai ƙuraje suka fara ɓullowa a kusurwar kan, da mai gyara ya ƙwanƙwasa sai ga ragar waya da tsohuwar jarida an cusa an lulluɓe da fila. Abin ya yi mini ciwo, domin kuɗin da na tanada na gyaran birki da taya a nan suka ƙare.

Ɗaga shimfiɗar ƙasa ta ɗakin direba ka ga ƙarfen da idonka, musamman inda ƙafa ke sauka. In mai mota ya ce a manne take, leƙa daga ƙasa. Duba mazaunan da kan ke zaune a kansu bisa shasi, domin in sun ruɓe kan yakan zauna, ƙofa ta fara gogar ginshiƙi. Buɗe ƙofa rabi ka ɗaga ta sama: in tana wasa, ko hinjin ya ci ko ginshiƙin ya yi laushi. Shafa magudanar ruwa da ke kewaye da rufi. A bodin baya, ɗauke duk roba ko katakon da aka shimfiɗa. In asalin daɓen na katako ne, kamar na tsofaffin Chevrolet da yawa, sauya katakon abu ne mai sauƙi, ƙarafunan da ke ƙarƙashinsa su ne abin dubawa.

6. Inji kafin a tayar

Ɗora bayan hannunka a kan injin. In da ɗumi, an tayar, ka tambayi dalili. Zaro sandar baƙin mai ka goge a farin tsumma. Baƙi ba laifi ba ne. Launin madara-madara yana nufin ruwa ya haɗu da mai, galibi gaskit ɗin kan inji ne ko tsagewa. Ƙyalƙyalin garin ƙarfe kuwa labarin metal ne da karanshaf. Buɗe murfin lagireto tun injin na da sanyi, kada ka kuskura ka buɗe shi da zafi. Ruwan kada ya zama jar laka, kada mai ya yi iyo a kansa. Matsa robobin ruwa ka ji ko sun bushe ko sun yi laɓo-laɓo.

Ɗan naso na mai a jikin inji mai wannan shekaru ba abin tayar da hankali ba ne, wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Injin da aka wanke tas ranar da za ka zo ya fi ba ni tsoro a kan mai tsohuwar ƙura.

7. Tayarwa da gwajin matsi

Abokinka ya murɗa makulli, kai ka tsaya a baya wajen salansa. Mota mai kafireto takan so a taka totur sau ɗaya ko biyu ko a ja cok, wannan ɗabi'arta ce. Shuɗin hayaƙi baƙin mai ne ke ƙonewa: in ya fito sau ɗaya ya ɗauke, robobin bawul ne, gyara mai sauƙi, in ya ci gaba musamman ana taka totur, ringi ne. Baƙi, fetur ya yi yawa, saitin kafireto. Fari mai kauri da bai daina ba bayan inji ya yi zafi, ruwa ne ke shiga silinda.

Koma gaba ka saurara. Ƙas-ƙas siriri daga sama yawanci saitin bawul ne. Bugu mai nauyi daga ƙasa, wanda ke ƙaruwa da totur, sauke inji ke nan. Fitilar baƙin mai ta mutu cikin daƙiƙa biyu ko uku. Ka tabbata ma ta kama tun da aka murɗa makulli, don akwai masu cire mata ƙwai. Buɗe murfin zuba baƙin mai injin na silo, wato yana aiki ba a taka totur ba: ɗan huci ba komai, amma in yana furzar da hayaƙi fuf-fuf, ringi ya tafi.

In inji ya yi zafi, kashe shi, cire fulogai duka, ka jera su bi da bi yadda suka fito. Launin ƙasa-ƙasa lafiya, jiƙe da mai ba lafiya ba, wanda kuma ya fita fes fiye da 'yan'uwansa ruwa ne ke wanke shi. Cire wayar kwayil, ɗaura geji, a taka totur har ƙasa a murɗa inji ya juya sau biyar ko shida. Tsofaffin injunan fetur masu lafiya kan ba da tsakanin 120 da 150 a ma'aunin psi, ƙasa da 100 gajiya ce. Amma daidaito ya fi yawan lambar muhimmanci, kada tazarar silinda mafi ƙarfi da mafi rauni ta wuce kashi 10 cikin 100. In ɗaya ta yi ƙasa, zuba mata cokali ɗaya na baƙin mai ta ramin fulogi ka sake. Ta tashi, ringi ne. Ba ta tashi ba, bawul ne. Biyu maƙwabta suka faɗi tare, gaskit ya ƙone a tsakaninsu. Injin dizal gejinsa daban, lambobinsa ma sun ninka waɗannan, bar wa makaniki.

8. Wuta da tanki

Batir a kashe ya nuna kusan bolt 12.6, inji na aiki 13.5 zuwa 14.5. Motocin Amurka da suka girmi tsakiyar shekarun 1950 da bolt 6 suka fito, ka tambaya ko an mayar da ita 12. Kunna kowace fitila da kowane maɓalli. Leƙa ƙarƙashin dashbod: wayoyin da aka murɗa da hannu aka naɗe da salatif, da fiyus da aka ɗaure da waya, su ke cinna wa tsofaffin motoci wuta. A Chevrolet har zuwa 1972 tankin mai a bayan kujera yake cikin ɗakin direba, sai a 1973 aka fitar da shi waje. In ka ji warin fetur a ciki, kwantar da kujera ka duba.

9. Taya, birki, sitiyari

Taya mai zane raɗau tana iya zama tsohuwa tukuf. Alƙaluma huɗu na ƙarshen lambar da ke gefenta mako ne da shekara: 2315 na nufin mako na 23 a 2015. In uku ne, kafin 2000 aka yi ta, kada a hau babban titi da ita. Cin gefe ɗaya yana nuna matsalar ƙafar gaba.

Ɗaga gaba ka tokare. Kama taya sama da ƙasa ka girgiza, wasa a nan boris ne ko boljoyin ko kinfin. Kama hagu da dama, wannan sandunan sitiyari ne. Sauke ta, abokinka ya riƙa kaɗa sitiyari kai kana kallon taya. Tsohon akwatin sitiyari dole ya yi ɗan wasa, amma in ya wuce santimita biyar kafin taya ta motsa, akwai aiki.

Taka birki da ƙarfi ka riƙe rabin minti. In yana nutsewa a hankali, masta, wato famfon man birki, ce ke yoyo ta ciki. Duba bayan kowane wili ko akwai jiƙa, ka bi bututun birki a jikin shasi ka ga ko tsatsa ta cinye su. Buɗe murfin masta: in rijiya ɗaya ce, kamar yadda yawancin motocin kafin ƙarshen shekarun 1960 suke, bututu ɗaya ya fashe duk birkin ya tafi. Ni ina sa kuɗin mayar da ita mai rijiya biyu cikin lissafi tun ranar farko.

10. Tuƙi

Minti ashirin aƙalla, rediyo a kashe, da gargada da miƙaƙƙen titi. Tsohuwar a-kori-kura tana da nauyin sitiyari, tana tsalle in babu kaya, birkin diram kuma yana son ƙafa mai ƙarfi. Duk wannan halinta ne. Abin nema daban. Sa babbar giya kana tafiya a hankali ka take totur: in inji ya yi ihu mota ba ta ƙara gudu ba, kulochi na sulɓi. A kowace giya ka ɗaga ƙafa farat ɗaya ka ga ko za ta fice da kanta. Ƙwas lokacin tashi ko shiga ribas, kuros ɗin farfela ne. Kuka daga baya mai canzawa da takawa da sakin totur, aksil ne. A wurin da babu kowa ka taka birki ka ga ko za ta fizge gefe. Idonka na kan allurar zafi. In mai fowil ce, wato mai ja da tayoyi huɗu, shigar da shi a kan ƙasa, ban da kwalta, ka ji ya kama ya kuma saki. Abokinka ya bi ka a baya na ɗan lokaci, shi zai ga hayaƙi, shi zai ga in tana tafiyar kaguwa.

Kada ka dogara da mitar tafiya. Mai alƙaluma biyar ce, tana kai 99,999 take komawa sifili. Cin robar feda da lotsawar kujera sun fi ta faɗin gaskiya.

11. Bayan an dawo

Bar ta a silo minti biyar a kan kwali mai tsabta, ka kashe, ka jira minti goma ka sake tayarwa. Wasu da sanyi suke tashi, da zafi su ƙi. Janye kwalin ka karanta ɗigon: baƙi na inji, ja na giya mai canza kanta, mai kauri da wari na giya ko aksil, kore ko ruwan hoda na lagireto.

Sai ka zauna da takardarka ka kasa abin da ka gani gida uku. Na farko wanda ke kashe ciniki ko nawa aka rage: lambar da ba ta dace da takarda ba, shasi ruɓaɓɓe a wurin ɗaukar nauyi, ko murɗaɗɗe. Na biyu wanda dole a gyara kafin a hau titi, wato birki, taya, sitiyari, yoyon fetur da wayarin. Na uku wanda zai iya jira, irin su fenti, kujera da ƙyalli. Kai jerin na biyu wurin makaniki da mai gyaran jikin mota su yi maka ƙiyasi, ka ƙara wani abu a kai, don in aka buɗe tsohuwar mota sai an tarar da abin da ba a gani ba. Wannan jimlar ita za ka cire daga farashin da aka sa. Ka ce wa mai motar za ka kira shi gobe, ka tafi da hotunan da ka ɗauka ka sake kallonsu da daddare, musamman na ƙarƙashi.